Wata bakwai ina tura dokokin furoksi da Ansible: abin da na gani

Ni ne mai kula da na'urorin sadarwa a wani kamfanin rarraba kaya. Rassanmu tara ne, kowane reshe da akwatin FortiGate ɗinsa, wato na'urar katangar tsaro ta kamfanin Fortinet, a bakin ƙofar intanet. Tun kafin in kama aiki aka tsara cewa babu kwamfutar da za ta fita intanet kai tsaye, sai ta bi ta furoksi. Wato burauzar ma'aikaci tana miƙa buƙatarta ga akwatin ta ƙofa mai lamba 8080, shi kuma ya duba waye mai tambaya, ina zai je, sannan ya je ya ɗauko masa shafin ko ya hana. Ɗan aike ne mai bincike. Dokokin da yake bi wajen yanke wannan hukunci suna cikin wani jeri daban da na sauran dokokin katangar tsaro, kuma su ne suka fi cin lokacina.

A da da hannu nake yi. Oga ya ce a buɗe wa masu lissafi shafin wani banki, sai in shiga akwati na ɗaya, in danna, in ajiye, in fita, in shiga na biyu, haka har tara. Kafin in kai na shida hankalina ya rabu, waya tana ƙara, wani yana tsaye a kaina firintarsa ta ƙi. Ranar da na zauna na gwada rassan da juna sai na ji kunya: babu biyu da suka yi daidai. A wani reshen sunan dokar daban, a wani an manta kunna rajistar zirga-zirga, a wani kuma akwai dokar da aka buɗe "na kwana biyu" tun zamanin wanda na gada.

Wannan ne ya kai ni ga Ansible. Manhaja ce kyauta, Michael DeHaan ya fara ta a 2012, kamfanin Red Hat ya saye ta a 2015. Abin da ya ja ni gare ta shi ne ba a girka komai a kan na'urar da za a sarrafa. Kana rubuta yadda kake son abu ya kasance a fayil na YAML, wani tsarin rubuta saiti da rubutu zalla, ka rubuta jerin na'urorinka a wani fayil, ka ba da umarni ɗaya. Shi kuma kamfanin Fortinet yana da tarin kayan aikinsa na Ansible mai suna fortinet.fortios, a ciki akwai wanda ya shafe ni kai tsaye, fortios_firewall_proxy_policy. Ta HTTPS yake magana da akwatin, da mabuɗin sirri na wani asusun gudanarwa da kake buɗewa musamman domin manhaja, ba da sunanka da kalmar sirrinka ba.

Girkawa ba ta ba ni wahala ba, illa dai injin da ake tura umarni daga kansa ba ya zama Windows zalla. Na sa Ubuntu, wani nau'in Linux, a wata tsohuwar kwamfuta da ke kwance a sito, ta wadatar.

Makon farko na sha fama, amma yawancinsa jahilcina ne. YAML ba ya yarda da maɓallin Tab, kuma gurbi ɗaya idan ya goce, fayil ɗin gaba ɗaya ya tashi aiki. Sannan wanda ya saba rubuta umarni a cikin FortiOS, manhajar da akwatin ke aiki da ita, ya san kalmomin da karan tsakiya ake haɗa su, kamar webfilter-profile. A nan kuwa karan ƙasa ne, webfilter_profile. Ƙaramin abu, amma ya ci mini yamma guda. Sai kuma batun wa ke gaba: ba za ka ambaci adireshi ko rukunin ma'aikata ko matatar shafuka a cikin doka ba sai sun riga sun wanzu a akwatin. Dole ka jera aikin, adireshi tukuna, rukuni, matata, sannan doka. Idan ka tsallake, jan rubutu kawai za ka gani.

Babban kuskurena shi ne lambar doka. Kowace doka tana da policyid. A layin umarni na saba rubuta sifili, akwatin ya zaɓa mini lamba ta gaba da kansa. Na kawo wannan ɗabi'a nan. Na tura sau ɗaya, lafiya. Na gyara wani harafi na sake turawa, na sake. Da na leƙa akwatin reshe guda sai na tarar da abu uku inda nake zaton ɗaya, domin duk turawa sabuwar lamba ake yanka mata, Ansible ba shi da hanyar gane cewa wannan ita ce waccan. Takardun bayanin kayan aikin sun yi gargaɗi a kan sifilin nan ƙarara, ni ne ban karanta zuwa ƙasa ba. Tun daga ranar na raba lambobi: daga 100 zuwa 199 na dokokin da duk rassa suka yi tarayya a kai, daga 200 zuwa sama na abin da reshe ya keɓanta da shi. Da lamba ta tsaya, sai manhajar ta fara nuna halinta na kirki, doka ɗaya tana nan doka ɗaya komai yawan turawa.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari, don shi ba ya nuna jan rubutu ko kaɗan. Akwatin yana karanta dokoki daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara dacewa ita ce hukunci, ba ya duba na ƙasanta. Kuma lambar doka ba ita ce matsayinta a jeri ba. Sabuwa a ƙasa take sauka ko da lambarta ƙarama ce. Na rubuta dokar hana shafukan bidiyo a lokacin aiki, saboda layin wasu rassan siriri ne, mutum biyu suka buɗe bidiyo manhajar sito ta tsaya. Ansible ya ce an gama, tara cikin tara. Kwana uku ina bugun ƙirji. Ashe dokar tana zaune ƙarƙashin wata mai faɗi da ta buɗe wa kowa komai, ko sau ɗaya ba a kai gare ta ba. Mai kula da wani reshe ne ya kira ni yana dariya, ya ce, "Injiniya, dokar taka dai yara na ta kallon ƙwallo a kanta." Matsar da doka sama aiki ne na daban da ƙirƙirarta, sai ka rubuta shi da kanka a matsayin mataki na biyu. Yanzu ba na yarda da "an gama" sai na buɗe rajista na ga lambar dokar tana kama zirga-zirga.

Ga kuma wani abu da ya kamata mai shirin farawa ya sani: goge doka daga fayil ɗinka ba ya goge ta daga akwatin. Ansible abin da ka ambata kawai yake taɓawa. In kana son doka ta tafi, sai ka bar ta a rubuce ka canza state, wato halinta, daga present (tana nan) zuwa absent (babu ita). Tsofaffin dokokin nan na "kwana biyu" sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya na rubuta musu sallama.

To me na samu? Mutane suna cewa sauri, kuma gaskiya ne, aikin da ke cin rabin yini yanzu kafin shayi ya huce an gama. Amma ni ba saurin ne ya fi burge ni ba. Fayilolin suna cikin Git, manhajar da ke ajiye tarihin gyaran fayil, don haka kowane canji yana da rana, da sunan wanda ya yi, da dalili. Da masu binciken cikin gida suka zo suna tambayar wa ya buɗe wa sashen saye shafin kaza kuma yaushe, ban yi kame-kame ba, na juya musu allo. A da amsar ita ce "ina jin tun bara ne". Haka ranar da akwatin wani reshe ya ƙone bayan wutar lantarki ta dawo da ƙarfi, aka kai sabo, na sa mai reshen ya haɗa waya, na ba shi adireshi, sauran dokokin furoksi daga kujerata suka tafi. Tafiyar awa huɗu a mota ta faɗi.

Sai dai hannun da ke gyara tara a lokaci guda, shi ne ke ɓata tara a lokaci guda. Ansible a tsarinsa na asali na'ura biyar yake kamawa tare. Doka ɗaya ta hani da aka sa a saman jeri bisa kuskure ta isa ta rufe wa kamfani duka intanet. Shi ya sa nake fara turawa reshe mafi kusa da ni da zaɓin --limit, mai taƙaita aiki ga na'urar da ka ambata, in jira, in kira su in ji lafiya, sannan sauran su bi ɗaya-ɗaya da zaɓin serial. Ina ɗaukar kwafin saitin kowane akwati kafin in taɓa shi, kuma ba na tura komai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Mabuɗin sirrin nan ma abin tsoro ne, duk wanda ya riƙe shi ya riƙe katangar. Nawa yana kulle cikin Ansible Vault, ma'ajiyar sirri ta Ansible, asusun kuma na taƙaita shi ga adireshin tsohuwar kwamfutar nan kaɗai, ikonsa bai wuce abin da aikin ke buƙata ba. Misalai da yawa da ke yawo a intanet suna kashe tantance takardar shaidar HTTPS don abu ya yi saurin tashi. A ɗakin gwaji ba laifi. A kan na'urar da ke tsaron kamfani kuwa, ka daure ka sa takardar shaida ta gaske.

Wahalar da ta rage ba ta manhaja ba ce, ta mutane ce. Abokin aikina ya saba shiga akwati ya gyara da hannu idan an matsa masa a waya. Washegari in tura fayil, gyaransa ya shafe, reshe ya kira da faɗa. Sai da muka zauna muka yi yarjejeniya: gyaran gaggawa da hannu ya halatta, amma kafin a tashi aiki a shigar da shi fayil. Yana cikawa sau uku cikin huɗu.

Kafin kowa ya bi sahuna, ya duba irin akwatinsa. Daga FortiOS 7.4.4 an cire ayyukan furoksi daga ƙananan na'urori masu ƙwaƙwalwar 2GB, irin su 40F da 60F. Idan su ne a rassanka kuma kana shirin ɗaga manhajarsu, wannan maganar gaba ɗaya ba ta shafe ka ba sai ka sake lissafi. Haka kuma zaɓuɓɓukan doka suna canzawa daga sigar FortiOS zuwa wata, don haka na tsayar da sigar fortinet.fortios guda, ba na ɗaga ta sai na gwada.

Wa zan ba shawarar ya ɗauka? Mai akwati ɗaya ko biyu da dokoki goma, bar shi da linzaminsa, wahalar koyo ba za ta biya ba. Mai rassa da yawa da kuɗin lasisi yana da FortiManager na Fortinet, wanda aka gina domin wannan aikin, da allo da maɓallai. Wanda ya riga ya saba da Terraform, wata manhajar sarrafa saiti daga fayil, shi ma akwai hanyarsa. Ni da nake tsakiya, rassa tara, mutum biyu, kasafin da sai an yi rubutu uku kafin a sayi wayar sadarwa, Ansible ya zauna mini daidai. In da maki ake bayarwa, huɗu cikin biyar zan ba shi, ɗayan kuma na riƙe ne saboda jerin dokoki da har gobe sai na bi da ido.

Watan gobe za mu buɗe reshe na goma. Na riga na ƙara layinsa a fayil, akwatin ne bai iso ba.