Damnoen Saduak ko Amphawa: amsa ga Hajiya kan kasuwar kan ruwa ta Tailan

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya ranki shi daɗe, na ga tambayar da kinka aje jiya da dare, cewa za ki Bankok sarin kaya ke da Inna, kuna da yini guda da ba ku da komi cikinshi, ko Alhamis ko Asabar, kuma ejan ɗinku ya turo maki kasuwannin kan ruwa biyu ki zaɓi ɗaya, Damnoen Saduak da Amphawa, ke kuma abin da ranki ke so shi ne ki shiga ɗan kwale-kwalen nan da ake tuƙawa da hannu irin wanda kike gani a bidiyo, mata sanye da malafa suna miƙo mangwaro daga jirgi zuwa jirgi. Na je duka biyun, bari in gaya maki yadda suke tsakani da Allah.

In dai kwale-kwalen hannu ne ya kai ki, to Damnoen Saduak ce taki. Amma sai kin yi sammako na gaskiya, kuma sai an rubuta maki a takarda cewa jirgin filafili ne cikin kuɗin da kinka biya, in ba haka ba wallahi za ki dawo kina cewa ba abin da kinka gani a waya ba ne.

Ita Damnoen Saduak tana lardin Ratchaburi, kusan kilomita 100 daga Bankok ta kudu maso yamma, tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa biyu gwargwadon cunkoson hanya. Ruwan da kasuwar ke kai ba gulbi ba ne na Allah da Annabi, haƙa shi anka yi da hannu zamanin sarkinsu Rama na 4, daga 1866 zuwa 1868, tsawon kilomita 32 a miƙe sambal, don a haɗa gulbin Mae Klong da na Tha Chin. Manoma sunka yi ta yanka ƙananan hanyoyin ruwa daga jikinshi zuwa gonakinsu na kwakwa da ayaba da lemu, jirgi ya zama shi ne ƙafar kowa, ciniki ma ya koma kan ruwa. Da tituna sunka zo wannan rayuwar ta ja baya, kasuwar da ake kai baƙi yanzu a 1981 anka kafa ta kuma don baƙin anka kafa ta. Na faɗi wanga ne don kada ki je da zaton za ki tarar da matan ƙauye suna cefanen gidajensu. Mafi yawan masu saye irinmu ne, 'yan kallo daga ko'ina cikin duniya. Tana ci kullum, daga safe zuwa wajen tsakar rana, don haka Alhamis ɗinki ta yi.

Amphawa kuma tana lardin Samut Songkhram, kusa suke da juna, a mota ba su kai rabin awa ba. Ita Juma'a da Asabar da Lahadi kawai take ci, kuma sai rana ta karya take tashi har zuwa bayan isha'i. In kinka je ta ranar Alhamis gidajen katako kawai za ki tarar da ruwa yana wucewa. 'Yan ƙasar sun fi zuwa nan, mutanen Bankok ke fitowa hutun ƙarshen mako su ci abinci. Amma ga inda mutane ke ruɗewa: a Amphawa ke ba cikin jirgi kike ba. Kina tafiya da ƙafa ne kan dakalin bakin ruwa, shaguna a gefenki, masu abinci su ne ke cikin jirage sun ɗaure su a gindin matakala suna gashi, ki zauna kan matakalar a miƙo maki faranti. Jirgin da baƙi ke shiga can mai inji ne, ya zagaya da ku gidajen ibadarsu da rana, da dare kuma ya kai ku kallon maƙesu, ƙwarin nan masu walƙiya, sun cika itatuwan bakin gulbi suna kunnawa suna kashewa kusan tare. Abin kallo ne ƙwarai musamman da damina, daga Mayu zuwa Oktoba. Sai dai ba shi kinka tambaya ba.

Bari in tsaya kan jiragen nan biyu don nan ne kuɗin mutum ke tafiya a banza. Mai injin dogo ne siriri, an ɗora mashi injin mota a baya da wani dogon ƙarfe mai farfela a ƙarshe, in ya taso ba ki jin maganar wadda ke kusa da ke, ga hayaƙi, ga ruwan da yake fesowa wanda ba mai tsabta ba ne, kuma in ya shiga tsakiyar kasuwa duk gudun nan ya ƙare don hanyar ƙunci gare ta. Na hannu ƙarami ne, mutum huɗu zuwa shida, ana zama ƙasa-ƙasa kan ɗan benci, mai tuƙi tana baya da filafili, sau da yawa dattijuwa ce wadda in kinka gan ta a tudu ba za ki ce tana iya ɗaga tulu ba, amma ki ga yadda take murɗa jirgin da ɗan juyi ɗaya na hannu ta ratsa tsakanin jirage biyu ba ta taɓa ko ɗaya ba. A nan ne kike jin ƙarar ruwa a jikin katako, ki ji ƙamshin ayaba da ake soyawa, wata ta matso da jirginta cike da kwakwa ɗanya ta sare kan da adda sara uku ta sa tsinke ta miƙo, ki miƙa mata kuɗi, jiragen biyu suna ta lilo. Ni dai wannan ɗan lokacin shi ne duk tafiyar, sauran duk cikon rana ne.

To amma wannan natsuwar ta safe ce. Daga wajen ƙarfe 9 motocin baƙi ke fara sauke mutane, zuwa 10 ruwan ya cushe, jirgi na gogar jirgi kamar 'yan kabu-kabu a bakin Tsohuwar Kasuwa ana jajibirin salla, masu inji na tura na hannu gefe. Ki gaya wa Inna kada ta riƙe bakin jirgin da yatsu a waje, a nan ake matse hannu. Masu shagunan bakin ruwa kuma suna da wata sanda mai ƙugiya, da ita suke jawo jirginku zuwa gaban shagonsu ko ba ku ce kuna so ba, a nuna maku giwayen katako da jakunkuna da mayafai. Ke da kike 'yar kasuwa ba sai na koya maki tayi ba, amma ki sani farashin farko na baƙo ne, kuma mafi yawan kayan nan kina samunsu a Pratunam inda za ki yi sari da sauƙin da ya fi haka nesa. Ki yi murmushi ki girgiza kai, za su sake ku. Akwai kuma masu yawo da mesa a wuya suna neman a ɗauki hoto a biya, ki sanar da Inna tun a mota kada ta firgita.

Shi ya sa nake cewa ki duba tsarin da ejan ya turo maki da kyau. Yawancin 'yan jagora suna haɗa tafiyar da kasuwar Maeklong, wadda anka shimfiɗa kan titin dogo, jirgin ƙasa na ratsa ta sau 8 a rana, in ya yi ƙaho masu kaya su naɗe rumfunansu su ja tirensu baya, ya wuce a hankali dab da kwandon kifi, yana wucewa su mayar da komi kamar ba a yi ba. Ta cancanci gani. Matsalar ita ce da yawansu can suke fara kai mutane don jirgin safe, sai ku iso kasuwar ruwa daidai lokacin da ta cushe. Ki ce a juya maki: ku bar otal kafin ƙarfe 6 da rabi, ruwa tukuna, sannan kasuwar titin dogo a jirgin hantsi. In motar haɗaka ce ba za su canza don ke ba, in kuwa mota ce taku ku kaɗai da ɗan jagora, sai yadda kinka ce. Ta fi tsada, amma da tsohuwa a tafe ni ita zan ɗauka ko ba don komi ba don ku tsaya inda kuke so ku tashi sadda ta gaji.

Kuma don Allah kada ki tari tasi a bakin otal ki ce ya kai ki. An sha yi wa mutane wanga: direba ya sauke ki a wata tashar jirage da ke nesa da kasuwar, ya ce nan ce ƙofa, babu hanya sai ta ruwa, a yanka maki dubban baht, kuɗin ƙasar, na jirgi mai inji, shi kuma ya karɓi lada ta baya. Alhali mota na zuwa har bakin kasuwar, kuma shiga da ƙafa ba a biyan ko sisi. Ki tambayi ejan abu uku a rubuce: jirgin hannu na cikin kuɗin ko a can za ku biya, minti nawa za ku yi a ruwa, kuma ina da ina za a tsaya a hanya. Tsayawa ɗaya da nake so ita ce gidan da suke dafa ruwan furen kwakwa a manyan kasake har ya daskare ya zama mazarƙwailar kwakwa, wannan ki saya ki kawo tsaraba. Wurin hawan giwa da shagunan duwatsun ado kuwa cin lokaci ne kawai.

Sai maganar ci, wadda ta fi damuna da mutanenmu. Taliyar nan da ake dafawa cikin jirgi, wadda kowa ke ɗauka a bidiyo, mafi yawanta da naman alade ake yi, kuma har jini suke zubawa cikin romon don ya yi kauri. Ko kin ce kada a sa maki nama, romon ɗaya ne, ludayin ɗaya ne. Ki bar ta. A Damnoen ki tsaya kan 'ya'yan itace, ruwan kwakwa, da shinkafar nan mai danƙo da ake ci da mangwaro da madarar kwakwa, ita kam Inna za ta so ta don taushi gare ta. A nan Amphawa ta fi, gaskiya, don abin da ta shahara da shi kayan ruwa ne, manyan jatan lande da kifi da kaguwa ana gasa su kan garwashi a gabanki, sai dai ki leƙa ki ga ba a gasa wani abu daban kan wayar ba. Abin da ya fi kwanciyar rai ku yi guzuri daga gidajen abincin Musulmi na unguwar Nana ko Pratunam, kuma in za ki sayi abu na leda a shago ki nemi tambarin halal na majalisar Musuluncin ƙasar, kore ne mai kusurwa huɗu da rubutun Larabci a ciki.

Salla ma ta shigo lissafi. Tafiyar Damnoen kuna dawowa otal da azahar ko bayanta kaɗan, ba wata wahala. Ta Amphawa tana cinye la'asar da magariba da isha'i kuna waje, cikin turmutsutsu, wurin alwala sai an nema. Ku matafiya ne, akwai sauƙin da shari'a ta yi, amma ki tafi da darduma da 'yar buta ki kuma gaya wa ɗan jagora tun farko. Ki gaya mashi kuma ba ku shiga gidajen ibada, don su a wurinsu yana cikin karramawa su kai baƙo, ba su jin haushi in anka ce a'a cikin ladabi.

Game da Inna, ki auna gwiwarta. Shiga jirgin hannu sai an sauka ƙasa sosai kuma yana motsi, mutum biyu su kama ta, ta zauna tsakiya, kada kowa ya miƙe tsaye don hoto. Amphawa ba ta buƙatar wannan, amma tana buƙatar tafiyar ƙafa mai yawa cikin matsi da matakalu, ga dawowa cikin dare. Ni a ganina zama na rabin awa cikin jirgi da sanyin safiya ya fi mata sauƙi. Ku nemi rigar kariya ku sa, ko da kun ga wasu ba su sa ba, musamman in kunka shiga mai inji da dare a babban gulbi. Mu da munka ga hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Warrah ta jihar Kebbi a 2021 da waɗanda sunka biyo baya a nan gulaben namu, bai kamata a roƙe mu kan wanga ba. Ku ɗauki laima da ruwan sha, zafinsu mai gumi ne, ya fi tsanani daga Maris zuwa Mayu.

In kuma Asabar ɗin ce ta fi maki, akwai wata 'yar ƙarama kusa da Amphawa ana ce mata Tha Kha, tana ci da safe a ƙarshen mako, cikin gonakin kwakwa take, jiragen hannu ne, mutane kaɗan, tsofaffi na sayar da abin gonarsu. Ba kowane ejan ke sa ta cikin tsari ba don ba shaguna da za a ba shi lada, sai kin ambace ta da suna. Ki tambaye shi ko zai iya haɗa maku ita da kasuwar titin dogo, in ya turo tsarin ki ɗora shi nan mu duba maki kafin ki tura kuɗi. A gaida Inna, Allah shi kai ku lafiya shi sa albarka cikin sarin.