"y" ko "m": wanne ya fi wa mai gwada direban kyamara a kanel?

Ƙanena, na ga tambayarka ta daren jiya. Ka ce ka sa layin pr_info mai buga saƙo a cikin uvc_probe, aikin da ke gudana idan direba ya ga kyamara, a fayil ɗin uvc_driver.c, ka gina kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ka kunna laftof, amma dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, bai nuna maka komai ba, kyamarar ma ta yi shiru. Kana so ka san ko ka ɗinke direban a jikin kanel, wato CONFIG_USB_VIDEO_CLASS=y, ko ka bar shi modul mai zaman kansa, wato =m. Na yi duka biyun, kuma tun daga farko zan gaya maka: ga mai gwaji, m ya fi.

Idan ka zaɓi y, direban ya zama tsoka ɗaya da kanel. Kanel na tashi, shi ma ya tashi, saƙonka ya fito a dmesg muddin akwai kyamara a jone. Ba ruwanka da rigimar loda modul. Amma duk harafi ɗaya da ka canza, sai ka sake haɗa hoton kanel, ka girka, ka kashe kwamfuta ka kunna. Mu da ke Nima da Maamobi a Accra mun san abin da dumso, wato ɗaukewar wutar lantarki, ke yi wa mutum yana tsakiyar aiki da batir mai rauni. Ga wani abu kuma: menuconfig, wurin zaɓen saitin kanel, ba zai ba ka y ba sai abubuwan da direban ya dogara a kansu, irin su MEDIA_SUPPORT da USB, su ma sun zama y.

Da m kuwa, ka gina kanel sau ɗaya ka hau kansa, daga nan sai make M=drivers/media/usb/uvc kawai. Cikin ɗan lokaci kaɗan sabon fayil ɗin modul, uvcvideo.ko, ya fito, ka cire tsohon, ka sa sabon, ka duba dmesg. Kana iya yin haka sau ashirin kafin a kira la'asar. Sai dai tarkunansa sun fi yawa, kuma ina zargin ɗaya daga cikinsu ne ya kama ka.

Na farko, modprobe, umarnin loda modul da sunansa, ba ya duba inda kake aiki. Can /lib/modules yake zuwa, ƙarƙashin sunan kanel ɗin da ke gudana. In ba ka yi make modules_install ba, tsohon modul zai ɗauko maka, kai kuma kana zaune kana jiran saƙon da ba ya cikinsa. Shi ya sa nake amfani da insmod, in nuna masa fayil ɗin da hannuna. Shi kuma insmod ba ya jawo 'yan rakiya. Direban uvcvideo yana buƙatar videodev da dangin videobuf2, kuma modprobe -r yana kwashe su tare da shi idan babu mai amfani da su. Ka cire da modprobe -r, ka sa da insmod, sai ka ga "Unknown symbol in module". Wannan ya cinye mini dare guda cur, ina ta sake gini ina zaton lambar da na rubuta ce ta lalace. Maganinsa ƙarami ne: ka cire da rmmod uvcvideo, shi kaɗai zai fita, 'yan rakiyar su zauna. In ya ce ana amfani da modul ɗin, rufe burauza ko duk manhajar da ta riƙe /dev/video0.

Idan ka ga "Invalid module format", yawanci ka gina wa wani kanel ne kana hawa kan wani. Kwatanta sigar kanel ɗin da uname -r ya nuna da wadda ke layin vermagic na modinfo. Idan kuma "Key was rejected by service" ne, Secure Boot, tsaron tashin kwamfuta, shi ne ya ƙi modul marar sa hannu. Ka sa masa hannu ko ka kashe tsaron a na'urar gwajinka.

To amma da ka ce kyamarar ta yi shiru gaba ɗaya, hankalina ya fi tafiya wani wuri da y da m duk ba su da magani a kai. Ka yi make localmodconfig? Shi modul ɗin da lsmod ya nuna an loda a lokacin kawai yake ajiyewa. In kyamarar tana kashe tun da aka kunna laftof har lokacin, ya yar da direbanta daga fayil ɗin saiti, .config, ba tare da ya tambaye ka ba. Laftof ɗina na hannu ne, a kasuwar Circle ta Accra na saya, yana da maɓallin Fn mai yanke kyamara. Da an danna shi, ko lsusb, mai jera kayan USB da ke jone, ba ya ganinta. Ka bincika .config ɗinka da grep, ka nemi USB_VIDEO_CLASS. Haka nan in a cikin VirtualBox ko QEMU, masu kwaikwayon kwamfuta a cikin kwamfuta, kake gwaji, sai ka miƙa wa na'urar ciki kyamarar ta USB, in ba haka ba uvc_probe ba za a taɓa kiransa ba, domin ba ya gudana sai an ga na'urar da ta dace da shi.

Kuma ka tabbata kyamarar ta UVC ce, wato USB Video Class. Direban nan yana cikin kanel tun sigar 2.6.26 a 2008, kuma yawancin kyamarorin laftof shi suke bi, amma wasu sababbin laftof masu Intel IPU6 kyamararsu ba ta USB ba ce sam, hanyarsu daban.

Ni y ina ajiye shi ne ga ƙaramar na'ura da aka gama gwajinta, wadda ba a son komai ya rataya a kan loda modul. Kai yanzu ka sa m. Ka turo mini abin da lsusb da uname -r suka nuna, da layuka ashirin na ƙarshe na dmesg bayan insmod, in duba maka bayan isha'i in Allah ya yarda.