Furen Satin ko Furen Ƙyallen Atamfa?

Mai yin furen adon gashi tana da zaɓi biyu: ta sayo satin, yadin nan mai sheƙi da santsi, a kasuwa, ko ta je shagon tela ta kwaso ƙyallayen atamfa kafin a share su da yamma.

Satin ya fi sauƙi, sirrin kuwa a zarensa yake. Mai araha ɗin nan na roba ne, shi ya sa idan kika yanka shi zagaye-zagaye kika kusantar da bakinsa ga harshen kyandir, sai ya narke ya lanƙwashe kamar furen gaske, ya daina zarewa. Ki jera 5 ko 6, babba a ƙasa, ki kama tsakiya da dutsen ado. Aibinsa kuɗi, kuma da hannu ya jima kan wuta sai bakin ya yi baƙi ya taurare.

Atamfa auduga ce, ba ta narkewa, wuta cinye ta take yi ta bar toka. Dole a ninke kowane zagaye gida biyu, a bi bakin da allura, a ja zaren har ya tattare. Aikin yana cin lokaci, yatsa ma yana shan suka. Amma ni ita na fi so. Na taɓa yi wa 'yar ƙanwata fure da ragowar kayan sallarta, launinsa ɗaya da zanenta, ya sha wanki bai warware ba, domin ɗinki ne ya riƙe shi, ba gam ba.