Naitirojin don cika akwatin bakyum: silinda, ruwa ko inji?

Duk wanda ya buɗe akwatin bakyum, wato akwatin gwaji da ake zuƙe iskar cikinsa da famfo, ya bar iskar ɗaki ta shiga a watan Agusta a Kaduna ya san abin da ke biyo baya. Danshin damina ya manne a bangon ciki, famfo ya yi ta fama sa'o'i kafin matsi ya sake sauka. Da hunturu kuwa ƙura ce ke kutsawa. Shi ya sa ake cika akwatin da busasshen naitirojin kafin a buɗe shi. Saura a san inda za a samo.

Ga ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje, irin na sashen fiziks a kwaleji ko jami'a, ni silinda nake zaɓa. Mai lita 50 da aka cika zuwa matsin bar 200 tana ɗauke da gas kusan lita 10,000, wato a lissafi za ta cika akwati mai lita 30 fiye da sau 300, in babu yoyo. Ba ruwanta da ɗauke wuta. Mai tsabtar kashi 99.999 ya fi tsada, kuma ba kowane aiki ke buƙatarsa ba. Sai dai kada ka dogara da launin fenti, don tsarin launi ya bambanta, akwai inda baƙar silinda ta oksijin ce. Karanta rubutun jikinta, ka kuma ɗaure ta da sarƙa a bango.

Ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, yana ba da gas mai bushewa sosai. Amma ko ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba, ƙafewa yake yi, ga zafinmu na Afrilu. Lita ɗaya tana zama gas kusan lita 700, ba ƙamshi ba wari. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce. In gas ɗin ya kore ta daga ɗaki har ta yi ƙasa da 19.5, an shiga haɗari. In ba dama kana amfani da ruwan a wani aikin ba, ka bar shi.

Injin da ke tace naitirojin daga iska sai da kwamfaresa da tsayayyar wuta. Wanda ke cika akwati sau biyu a mako ba zai mayar da kuɗinsa ba.

Inda ya kamata kuɗi su tafi shi ne abin da ke tsakanin silinda da akwati. An ƙera akwatin ne ya jure matsi daga waje, ba daga ciki ba, kuma gilashin leƙawa shi ke fara fashewa. Don haka sayi regileta mai mataki biyu wadda agogonta ke nuna ƙaramin matsi, ba ta masu walda ba. Sa bawul mai allura don gas ya riƙa shiga a hankali, da bawul na tsaro da zai buɗe da kansa da zarar matsin ciki ya ɗan haura na ɗaki. Mai saye ya fi yin rowa a kan wannan na ƙarshen.

Kafin ka saki gas, kashe gejin mai filamen, wato ma'aunin matsi mai siririyar waya da ke yin zafi, ka rufe bawul ɗin da ke tsakanin akwati da famfon turbo mai zuƙe iskar, sannan ka sassauta maƙallan ƙofa yadda za ta iya buɗewa da kanta. In ɗakin ƙarami ne kuma kullum a rufe saboda esi, ƙara da na'urar auna oksijin mai ƙararrawa.