Gargaɗi ga mutanen Sakkwato: masu tallar sola "ba batir" sun shigo gari

Assalamu alaikum jama'a. Abin da ya sami yayana a Mabera ne ya sa na rubuta wannan, domin na ji mutumin da ya cuce shi yana ci gaba da yawo gida-gida wajen Arkilla da Gawon Nama.

Tallarsa a Facebook da WhatsApp yake yi. Yana sayar da faifan sola masu ƙaramar inbata manne a bayan kowane faifai, wadda masu sana'ar ke kira maikuro-inbata (inbata ita ce na'urar da ke mayar da wutar sola ta zama irin wadda kayan gida ke aiki da ita). Ya ce wa yayana: "Alhaji, kai da batir har abada. Mitarka ma baya za ta riƙa juyawa, kamfani ya dawo yana biyanka." Bawan Allah ya ɗauki kuɗin sallamarsa na aiki ya ba shi, aka ɗora faifai shida a kan kwano.

Kwana biyu da haɗawa aka ɗauke wuta da azahar, rana tana dukan kwano kamar ta narkar da shi, fanka ta tsaya cak. Ku fahimci wannan da kyau, don a nan yaudarar take. Irin wannan inbata da wutar layi take tafiya. Da zarar an ɗauke NEPA sai ta kashe kanta, kuma haka aka ƙera ta da gangan, don kada ta tura wuta cikin layi ta kama ma'aikacin da ke bisa turke yana gyara. Na'ura ce mai kyau a ƙasar da wuta ba ta yankewa. Mu da muke neman sola saboda zafin Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40 ba wuta, wane amfani za ta yi mana ba batir? Mai tallar ya san haka sarai, ya yi shiru.

Sai maganar mita. Yawancin mitocin kati da ke gidajenmu ba a yi su don lissafa wutar da ke fita ba. Wata ta ƙirga rarar da sola ta tura kamar wutar da ka sha, wata ta ɗauka an taɓa ta ne ta kulle. Ta yayana cin kati ta shiga yi fiye da da. Kana ba da wuta, kana kuma biya.

Da muka kira mai aikin wuta ya hau ya duba, biyu daga cikin inbatocin ba su taɓa tashi ba. Tambarinsu 60Hz ne, na Amurka, alhali wutar Najeriya 230V ce, 50Hz.

Duk wanda zai sa sola, ya fara tambaya: in an ɗauke wuta, me zai kunnu? A cire layi a gwada a gabanka kafin ka cika kuɗi. Ka karanta tambarin da idonka, ka je ofishin kamfanin rarraba wuta ka tambaya game da mitarka, ka karɓi rasit mai adireshin shago. Mai aikin namu ya ce inbata mai haɗa batir da layi, wadda aka saita kada ta tura wuta waje, ita ta dace da gidan.

Lambar mutumin a kashe take tun ranar da muka nemi ya zo. Mun kai ƙara wajen 'yan sanda. Yayana kuwa har yanzu a tsakar gida yake kwana da iyalinsa.