Manhajar Nigeria Learning Passport: Me Za Ta Tsinana wa Mai Koyar da 'Ya'yansa a Gida?

Iyaye da dama a Bauchi, musamman waɗanda kuɗin makarantar kuɗi ya fi ƙarfinsu ko ajin gwamnati ya cika maƙil a unguwarsu, suna tambayar abin da za su fara da shi idan suka zaunar da yara a gida. Amsar da aka fi ba su ita ce Nigeria Learning Passport, manhajar da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar a watan Maris na 2022 tare da UNICEF da Microsoft. Kyauta ce, darussanta sun bi tsarin karatun ƙasa daga firamare zuwa sakandare, kuma akwai na Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo.

Hukuncinmu a taƙaice: mataimakiya ce ta ƙwarai, amma ba ta koyarwa ita kaɗai. Wanda ya miƙa wa yaro waya ya tafi kasuwar Wunti, zai dawo ya tarar an kalli bidiyo goma, ba a rubuta ko layi ɗaya ba.

Babban amfaninta shi ne tana warware wa uwa ko uba matsalar "yau me zan koyar?" Darussa suna jere aji-aji, fanni-fanni, kuma manhajar tana riƙe inda ɗalibi ya tsaya. Shi ya sa ya kamata kowane yaro a yi masa rajistarsa daban. Idan uku suka haɗu a kan suna guda, ba za a san wanda ya gama me ba. Ana shiga ta shafin intanet ko a sauke ta a wayar Android. Airtel ta yi yarjejeniya da UNICEF ta yadda masu layinta ke shiga ba a cire musu data, don haka a gwada da layin da babu data a kansa kafin a sakankance. Darussan mako kuwa, a sauke su da daddare lokacin da sabis ya fi kyau, a kuma yi cajin waya duk sa'ar da aka kawo wuta.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne zaɓen aji. Uba ya ga ɗansa shekara 9, sai ya buɗe masa aji 4, alhali yaron bai iya haɗa baƙi da wasali ba. Kafin a taɓa waya, a yi gwaji na minti 10 a kan tabarma: a rubuta baƙaƙe 10 a warwatse, sai kalmomi 5 irin su "gida", "ruwa", "tuwo", sai jimla biyu gajeru. A lissafi a ba shi 14 a tara da 8, sannan 32 a ɗebe 17. Inda ya fara inda-inda, nan ne ajinsa, ko da shekarunsa sun wuce nan. Babu abin kunya a ciki, gini ne ake sa wa harsashi.

Ga 'yan aji 1 zuwa 3, wannan manhaja ba ta isa ba, kuma nan ne rauninta. Allon waya ba ya gyara riƙon fensir, ba ya jin yaro ya karanta "ƙasa" a matsayin "kasa". Waɗannan yara su fara da Hausa, da babba zaune a gefe. Idan an sami littattafan Mu Karanta, waɗanda aka raba a makarantun firamaren Bauchi da Sakkwato ƙarƙashin wani shirin USAID, su ne a gaba, waya ta biyo baya. Daga aji 4 zuwa sama ne take nuna amfaninta sosai, musamman a lissafi da kimiyya, inda iyaye da yawa suka manta nasu.

Tsarin da ya dace da gidajenmu: bayan makarantar allo da karin kumallo, daga ƙarfe 9 zuwa 10 da rabi, kafin rana ta take, kuma bai ci karo da Islamiyyar la'asar ba. Darasi uku sun isa. Kowanne minti 10 na kallo, a ajiye waya, sai minti 20 na rubutu da aiki. Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramin allo da alli, littafin 2B mai akwati-akwati don lissafi, littafin rubutu ɗaya ga kowane fanni, fensir, da murafen kwalba 100 na ƙidaya. A rubuta kwanan wata a kowane shafi, a adana littattafan da suka cika, domin ranar da za a mayar da yaro makaranta su ne shaidar da hedimasta zai duba. Wayar kuma a cire mata wasanni, a kashe sanarwar WhatsApp, in ba haka ba saƙo ɗaya ya isa ya wargaza darasi.

Sai batun da bai kamata a yi wasa da shi ba. Manhajar ba makaranta ce mai rajista ba, ba ta maye gurbin takardar shaidar gama firamare. Dokar ilimin matakin farko na bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta wajabta wa iyaye karatun yara na shekara 9, wato 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare. Jarrabawar shiga kwalejojin tarayya, irin ta Azare ko ta 'yan mata da ke Bauchi, NECO ce ke shirya ta, ita kuwa jarrabawar BECE ta ƙarshen aji 3 na ƙaramar sakandare ta hannun makaranta ake zana ta. Saboda haka tun yaro yana matakin aji 5, uba ya je ofishin ilimi na ƙaramar hukumarsa ko wata makaranta da gwamnati ta amince da ita, ya ji yadda za a shigar da sunan ɗansa kafin a rufe rajista.