Ɗumama ɗaki ta ƙarƙashin tayil a tsohon gida: abin da muka gani a Katsina

A garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, ba kowa ne zai yarda a kashe kuɗi wajen ɗumama daɓen ɗaki ba, amma duk mai tsoho a gida ya san yadda sanyin Disamba da Janairu ke shiga gwiwa da asuba, musamman a ɗakin tayil. Mun yi wannan aiki ne a ɗakin mahaifiyarmu da ke Ƙofar Ƙaura saboda sanyin ƙashi da take fama da shi, da kuma son raba ta da kaskon gawayi, domin garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kuma kashe mutum cikin barcinsa.

Tsarin iri biyu ne: na bututun ruwan zafi da na wayar lantarki da aka jera a kan raga kamar tabarma. Mun zaɓi na waya saboda gidan ginanne ne, bututu kuwa sai an fasa daɓe sosai. An ɓamɓare tsohon tayil, aka shimfiɗa allon da ke hana zafi zurarewa cikin siminti, aka ɗora ragar waya da ɗan ma'aunin zafi a tsakanin layukanta, sannan sabon tayil ya hau. Daɓen ya ɗan tashi har sai da kafinta ya rage gindin ƙofa. Abin da ya fi burge ni shi ne mai aikin wutar ya gwada wayar da mita kafin a rufe ta da bayan an rufe, yana tsaye a kan mai sa tayil don kada bakin cokalinsa ya yanke ta, tunda idan ta yanke a ƙasa babu gyara sai an sake fasa tayil. Ya kuma bar gurbin gado da na kabad babu waya, ya hana mu kunnawa sai da aikin ya bushe sarai.

Ɗumin kansa ba shi da abin kushewa. Ba ya busar da maƙogwaro, ba ya ƙara, kuma Hajiya tana saukowa alwalar asuba ba tare da ta nemi safa ba. Sai dai katifa ko kafet mai kauri a ƙasa suna danne zafin, don haka muka bar mata dardumar salla kawai.

Matsalar tana wajen wuta. Ragar tana cin wat 150 a kowane murabba'in mita, wato murabba'in mita 8 da muka shimfiɗa suna jan wat 1,200, abin da batiran sola na gida ba za su ɗauka har gari ya waye ba. Muna kunnawa da magariba idan akwai wuta, tayil ya riƙe ɗumi zuwa wani ɓangare na dare, amma ranar da aka ɗauke da wuri bargo ake komawa. A ganina ɗakin tsoho ko majinyaci kaɗai ya cancanci wannan ɗawainiya, tunda amfaninta bai wuce watannin hunturu ba.

Ƙorafina ga masu aikin shi ne na'urar daidaita zafi da ke jikin bango ta ƙone da wuta ta zo da ƙarfi, kuma ba su ajiye wata ba, sai da aka aiko daga Kano. Duk mai son a yi masa irin wannan aiki ya nemi a haɗa masa da na'urar kariya daga hawan wuta tun a cikin ciniki.